Ajiye Garma Kaɗai Ba Ya Gyara Ƙasa

Ana ta yabon noman da ba a huɗa, wato a shuka iri cikin karan bara ba tare da an juya ƙasa ba. Tun a shekarun 1970 Rattan Lal ya nuna a cibiyar IITA da ke Ibadan cewa wannan hanya tana rage zaizayar ƙasa, muddin an bar kara da ganye sun rufe ta.

To amma a ra'ayina, wanda ya ajiye garma kuma ya dinga shuka masara kowace shekara, aikinsa da saura, don ƙasarsa tana iya daskarewa. Maganin shi ne karɓa-karɓa: bana masara, baɗi wake ko gyaɗa. Saiwar masara tana bazuwa kamar gashi ta riƙe ƙasar sama, ta wake kuwa tana nutsawa ciki. Idan suka ruɓe sai su bar ƙofofin da ruwa da iska za su bi, tana kuma ta samu abinci ta ƙara huda ƙasa.

Na san manomi yana bukatar kara da harawa saboda dabbobinsa. Ya ɗiba, amma ya bar wa gona rabonta.

Allah ya ba mu damina mai albarka.