Berlin: Zuwa Na Ɗaya Ba Takardar Naɗi Ba Ce

A daren 12 ga Fabrairun 2023, tun ba a gama ƙidayar ƙuri'u a Berlin ba, magana ɗaya ta cika bakin 'yan siyasa da masu sharhi a Jamus: jama'a sun yanke hukunci, jam'iyyar CDU ta zo ta ɗaya, saboda haka ɗan takararta Kai Wegner ne magajin gari. Duk gwamnatin da za a kafa ba da shi ba, a cewarsu, taron waɗanda suka sha kaye ne, kuma cin amanar masu zaɓe. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta da tushe, kuma CDU ta fi kowa sanin haka.

Berlin birni ne, kuma jiha ce mai majalisarta, ɗaya daga cikin jihohi 16 na Jamus, kamar Hamburg da Bremen. Ba mutanen gari ke zaɓen magajin gari kai tsaye ba. 'Yan majalisa suke zaɓa, su kuma su zaɓe shi. Zaɓen 2023 kansa maimaici ne. Na Satumban 2021 ya faɗo rana ɗaya da zaɓen tarayya da gasar gudun famfalaƙi, aka rufe tituna, takardun ƙuri'a suka ƙare a wasu rumfuna, mutane suka yi ta tsayuwa a layi har bayan lokacin rufewa. Kotun tsarin mulkin jihar ta soke shi a Nuwamban 2022.

Ga lissafin da masu ihun ba sa son a yi. CDU ta samu kashi 28.2 cikin ɗari, kujeru 52 daga cikin 159. SPD ta Franziska Giffey, mai riƙe da kujerar magajin gari a lokacin, da jam'iyyar masu kare muhalli kowacce ta samu kashi 18.4 da kujeru 34, ƙuri'a 53 kacal ce ta raba su. Die Linke ta masu ra'ayin gurguzu ta samu 22. Waɗannan ukun su ne ke mulki tare kafin zaɓe, kuma bayansa kujerunsu 90 ne, alhali 80 ake buƙata. Wato gwamnatin da ake cewa jama'a sun kora ta fito da rarar kujeru goma. Ita kuwa jam'iyyar da ake cewa jama'a sun naɗa, bakwai cikin kowane mutum goma da suka jefa ƙuri'a ba su zaɓe ta ba.

Gaskiya ne SPD ta sha kashi. Giffey ko mazaɓarta ta Neukölln ba ta iya riƙewa ba, kuma mutanen gefen gari sun gaji da jiran watanni kafin su samu ganin ma'aikaci a ofishin rajista, sun gaji da rigimar hana motoci bin titin Friedrichstraße. Wannan dalili ne na jam'iyya ta zauna ta duba kanta. Bai mayar da 52 ta fi 90 ba.

Abin dariyar shi ne, wannan ƙa'ida ta “na ɗaya shi ke mulki” riga ce da kowace jam'iyya ke sawa ranar da ta yi mata daidai, ta cire ranar da ta matse ta. A Hamburg a 2001, SPD ce ta zo ta ɗaya da kashi 36.5, CDU na biye can nesa da 26.2. Ole von Beust na CDU bai tsaya kunyar kowa ba. Ya jawo jam'iyyar alƙali Ronald Schill da FDP, ya hau kujera, ya kawo ƙarshen mulkin SPD na shekaru 44 a birnin. Babu wanda ya ji CDU tana kiran wannan sata. A Bremen a 2019 abin ya juya: CDU ta zo ta ɗaya karon farko a tarihin jihar, amma Andreas Bovenschulte na SPD ya haɗa kai da masu kare muhalli da Die Linke ya kafa gwamnati. Bayan shekara huɗu mutanen Bremen suka mayar da SPD ta ɗaya. Ko a tarayya, Willy Brandt ya zama shugaban gwamnati a 1969 alhali jam'iyyarsa ce ta biyu. Mutanen Nijar ma sun ga irin wannan a 1993, lokacin da MNSD ta fi kowace jam'iyya kujeru, amma ƙawancen AFC ya karɓi ragama.

Duk da haka Giffey ta sauka, ta miƙa wa Wegner makullan Rotes Rathaus, jan ginin nan na magajin gari, ta karɓi ma'aikatar tattalin arziki. Tana da 'yancin yin haka. Ba ta jituwa da masu kare muhalli kan batun motoci, ba ta jituwa da Die Linke kan batun gidaje, kuma da waɗannan aka tsaya a kai, da an yi muhawara ta gaskiya. Sai aka lulluɓe zaɓin siyasa da mayafin girmama masu zaɓe. 'Yan jam'iyyarta da yawa ba su sayi wannan ba: kashi 54.3 kawai suka amince da yarjejeniyar ƙawance da CDU.

Ranar 27 ga Afrilu aka ga sakamakon a zauren majalisa. CDU da SPD suna da kujeru 86, amma a zagayen farko na ƙuri'ar sirri Wegner 71 ya samu. A na biyu 79, ɗaya ta rage. Sai a na uku ya kai 86, kuma nan take AfD mai ƙyamar baƙi ta fito tana cewa da ƙuri'unta ya tsallake. Da yake a asirce aka jefa, ba mai iya ƙaryata ta da hujja. Haka magajin garin CDU na farko tun bayan Eberhard Diepgen a 2001 ya fara aiki.

In kuwa da gaske muradin jama'a ake karewa, akwai wurin da mutanen Berlin suka faɗe shi ba tare da tafinta ba. A Satumban 2021, a ƙuri'ar raba gardama, fiye da mutum miliyan ɗaya suka amince jiha ta karɓe gidajen haya daga hannun manyan kamfanoni irin su Deutsche Wohnen, a birnin da mafi yawan mazaunansa 'yan haya ne. Ƙuri'un CDU a 2023 ba su kai rabin miliyan ba. Kwamitin masana da aka kafa ya bayyana a Yunin 2023 cewa doka ta ba da damar yin hakan. CDU, wadda ta fi kowa ɗaga murya kan hukuncin masu zaɓe, tana adawa da shirin tun farko, kuma abin da yarjejeniyarta da SPD ta tanada kawai shi ne wata dokar share fage da ba ta karɓe ko gida ɗaya ba.