Araha ba ta ado: fentin mota a tsakar gida, wa ke biyan cikon kuɗin?

Duk wanda ya san Dakoro ya san abin da hanya ke yi wa mota. Garin yana nan kilomita kamar 120 arewa da Maraɗi, inda ƙasar noma ke gamuwa da ƙasar kiwo, kuma da zarar mota ta sauka daga kwalta ta nufi Bermo, ko Gadabeji, ko kasuwannin dabbobi na kwarin Tarka, to ta faɗa hannun ƙaya da rairayi da rana. Ƙaya ta karce, rairayi ya goge, rana ta ƙone. Cikin ƴan shekaru farar kat-kat ta dushe, ƙofar a-kori-kura ta kama tsatsa. Mai motar kuwa, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya san motarsa jari ce, kuma ranar da zai sayar da ita, mai saye jiki zai fara dubawa kafin ya saurari inji.

Don haka ba abin mamaki ba ne sana'ar fenti ta samu gindin zama. Abin da ya cancanci a tsaya a duba shi ne wurin da ake yin ta. Sau da yawa ana kwance ƙofa, ko murfin inji, ko tankin babur na ɗan kabu-kabu, a kai gidan mai fenti, a jingine a zaure ko a tsakar gida, a tada kwamfaresa, a fesa. Mai mota ya biya kuɗi kaɗan ya tafi yana murna. Amma rangwamen da ya samu akwai masu biyan sa, kuma ba a shawarce su ba: yaron da ke koyon aiki, matar gida da ke daka a gefe, da jaririn da ke rarrafe a ƙasar da ƙurar ta sauka.

Yadda aka zo nan

Tushen lamarin tsada ce. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake samu a kan sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga Turai, har da gwangwanin fenti, kuɗinsa ya tashi. Sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kasuwa ta koma ga tsofaffin motocin Turai masu sauka a tashar ruwa ta Kwatano, waɗanda da yawansu da tabo suke isowa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin dako ya ƙaru.

Kowane tashin farashi yana tura sana'ar mataki guda zuwa ƙasa. Maimakon gwangwani rufaffe mai takarda, sai a auna fenti a kwalba ba suna ba lamba. Maimakon ruwan sirki na ainihi, wanda masu aikin ke kira dilwan, ƴan Kano kuma su ce tina, sai a tsiyaya isansin mota. Maimakon hayar garaji, sai zauren gida. Ba mugunta ce ta kawo haka ba, lissafin talaka ne. Sai dai lissafin bai cika ba.

Fenti ba iri ɗaya ba ne

Ya kamata mai mota ya san abin da yake saye. Fentin da kamfani ke yi wa sabuwar mota hawa-hawa ne: na kare ƙarfe daga tsatsa, na shimfiɗa, na launi, sannan na ƙyalli a sama. Duka kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ba, amma an gasa su a ɗaki mai zafin digiri kusan 140, shi ya sa suke shekara da shekaru. Ba wanda zai iya maimaita wannan a zaure. Abin da ke hannun mai gyara iri uku ne.

Na farko shi ne mai saurin bushewa, wanda ake kira selulozik. Tsohon fenti ne. Kamfanin DuPont na Amurka ya fito da shi ga masu ƙera motoci tun shekarun 1920. Yana da sauƙin fesawa, yana da araha, amma rana na cin sa, ga shi ruwan sirki na narkar da shi ko bayan ya bushe. Na biyu shi ne fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofofin ƙarfe da tagogi. Yana ƙyalli ranar farko, yana jinkirin bushewa, ƙura na manne masa, kuma idan daga baya aka fesa na farkon a kansa sai ya tattare kamar fatar tsohuwar salka. Na uku shi ne mai haɗi biyu, wanda sai an zuba masa sinadarin ƙarfafawa kafin a fesa. Shi ne mai jure rana da mai, shi ne mai tsada, kuma kamar yadda za a gani, shi ne ya fi hatsari ga huhu.

Akwai abubuwa kaɗan da mai mota zai yi ya kare kuɗinsa. Kowace mota na ɗauke da lambar launinta a wani ɗan allo, ko dai ƙarƙashin murfin inji ko a jikin ginshiƙin ƙofa. Sanannen farin Toyota, alal misali, lambarsa 040. Wanda ya haɗa launi da ido kawai, ƙofar da ya fesa za ta bambanta da sauran jiki da zarar rana ta haska. Idan ana so a san irin tsohon fentin da ke jiki, a ɗiga dilwan a tsumma a goga a wani ɓoyayyen wuri: in launi ya biyo tsumma, ba mai haɗi biyu ba ne. Mai sayen tsohuwar mota kuma ya riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu, domin inda toliye ya cike lotsawa da mastik mai kauri, maganaɗisu ba ya kamawa. Sabon fenti a jikin tsohuwar mota sau da yawa lulluɓi ne, kuma ɗan kasuwar da ya sayi lulluɓi damina ɗaya ta isa ta nuna masa tsatsar da ke ƙasa.

Yanayin Dakoro ma ba ya taimakon mai fesawa a fili. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan sirki na tashi tun fenti bai isa jikin ƙarfe ba, sai aiki ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo. A hunturu ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen fenti. To ina mafita? Sai mai aikin ya shige zaure ko ɗaki, ya rufe ƙofa, ya toshe taga da buhu. Ya tsare aikinsa daga ƙura, ya kulle kansa da yaransa cikin hazon guba.

Wanda ke shaƙa

Sinadarin ƙarfafawa na fenti mai haɗi biyu yana ɗauke da wani abu da masana ke kira izosiyanat. Hazonsa mai laushi ido ba ya ganin sa, yana kuma daɗewa a iskar ɗaki bayan an ajiye bindigar feshi. Shi ne ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke jawo ciwon asma ta dalilin sana'a. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ta daɗe tana sanya masu fesa fentin mota a sahun gaba na masu kamuwa da wannan ciwo, shi ya sa a can ake buƙatar ɗaki mai zuƙe iska da takunkumi mai kawo iska mai tsabta ta tiyo. Tsumma ko rawani da ake naɗewa a hanci ba ya tare komai daga cikinsa. Wanda jikinsa ya riga ya ƙi sinadarin kuwa, ko kaɗan ya shaƙa ƙirji zai toshe, sana'ar ta ƙare masa ke nan yana da ƙuruciyarsa. Madarar da wasu ke sha bayan aiki da sunan wanke ƙirji ba ta zuwa huhu. Ciki take tafiya.

Sai dalma. An daɗe ana amfani da ita wajen haɗa launin rawaya da ja da ruwan goro, da kuma fentin hana tsatsa. Sai a 2003 ne dokar Tarayyar Turai ta hana ta a yawancin kayan sababbin motoci, alhali motocin da suka girmi wannan shekara suna nan birjik a tashoshi. Idan aka goge tsohon fenti da samfefa a bushe, garin na sauka a ƙasar tsakar gida, inda ake shanya hatsi, inda yaro ke wasa ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Ƙasar Hausa ta ga iyakar wannan guba a Zamfara a 2010, lokacin da yara aƙalla 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Ƙurar fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma hanyar ɗaya ce: aikin masana'anta ya shigo inda ake girki. A ƙara da gwangwanin fenti da ke komawa abin ɗiban ruwa, da kwalbar isansi da ke ajiye taku kaɗan daga murhu, a gidan da ke da danni da rumfar kara.

Dokar da ta tsufa a aljihun tebur

Wani zai ce wannan sabon zance ne na Turawa. Ba sabo ba ne. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince a Janeba da yarjejeniya mai lamba 13 kan farar dalma a aikin fenti, Nijar kuma ta karɓe ta a 1961, ƴan watanni bayan samun mulkin kai. Yarjejeniyar ta hana sa samari ƴan ƙasa da shekara 18 aikin fenti mai dalma, ta kuma nemi a ɗauki matakai kan hatsarin feshi da kan ƙurar gugar tsohon fenti a bushe. A 2000 ƙasar ta amince da yarjejeniya mai lamba 182 da ke hana sa yara aiki mai hatsari. Rubutu dai ba a rasa ba. Amma ofishin sufeton aiki yana Maraɗi, shi kuwa zauren da ake feshi ba shi da allo a ƙofa, ba shi cikin rajistar kowa. Shin dokar da ba ta taɓa shiga lungu ba, wa ta kare?

Masu fenti ma suna da hujja, kuma wajibi ne a saurare ta. Za su ce ba su da fili. Hayar shago da fatanti sun fi ƙarfin abin da suke samu. Kwamfaresa in ta kwana a waje ba za ta wayi gari ba. Kuma duk ranar da suka faɗi kuɗin aiki na gaskiya, mai mota zai juya ya tafi wurin wanda zai yi a rabi. Duk gaskiya ne. Saboda haka kamawa da tara ba magani ba ne. In aka matsa musu, aikin zai bar zaure ya koma cikin ɗaki, inda ya fi muni. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: mai motar da ke taya aikin fenti kamar yana taya akuya, shi ma yana da hannu a tarin da yaron shago ke yi da dare.

Abin da ke iya yiwuwa

Mataki na farko yana hannun ma'aikatar magajin gari, ko zaɓaɓɓe ne ke kujerar ko naɗaɗɗe. Kamar yadda aka ware wa mahauta kwata, aka ware wa dabbobi kara, haka za a iya ware wa toliye da masu fenti fili guda a bayan gari, da rumfa, da wuta, da mai gadi, a sassauta musu haraji na ƴan shekarun farko. A lura da iska wajen zaɓen wurin: ta hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina daga kudu maso yamma, don haka kada filin ya zauna a ɗayan waɗannan kusurwoyi biyu. Masu aiki goma da suka haɗu wuri guda za su iya mallakar ɗakin feshi ɗaya mai fanka da takunkumi na kirki, abin da ɗayansu shi kaɗai ba zai taɓa iyawa ba.

Na biyu yana hannun ƴan kasuwar da ke sararo fenti daga Maraɗi da Kano. Su sayar a gwangwaninsa na asali, da takardarsa, su kuma tambayi dillalinsu wanda ba shi da dalma. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Ɗan kasuwar da aka san kayansa ba algus ba ya rasa mai saye.

Na uku yana hannun ma'aikata. Motocin hukuma da na ƙungiyoyin agaji suna cikin manyan masu ba da aikin gyara a gundumar. In kowane mai sa hannu a takardar biya ya ce ba zai biya aikin da aka fesa a gidan zama ba, ko wanda yaro ƙarami ya riƙe bindigar feshi, kasuwa za ta gyara kanta cikin shekara guda. Asusun FAFPA, wanda aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a, zai iya sa darasin kare huhu da gugar fenti da ruwa cikin horon da yake ɗaukar nauyi. A asibiti kuma, duk saurayin da ya zo da tari da toshewar ƙirji, a tambaye shi sana'arsa kafin a rubuta masa magani.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke jiran kuɗin ƙasashen waje ko sabuwar doka daga Yamai. Fili ne, da takarda a jikin gwangwani, da mai mota da ya yarda ya biya kuɗin aiki cikakke. Wanda ya ƙi, ya ce shi araha yake so, ya sani cewa motarsa za ta koɗe kafin bazara biyu, ya sake biya. Shi yana da damar sake fenti. Yaron da ya shaƙi hazon ba shi da inda zai sayo wani huhun.