Taron Dublin kan taba: Darasi ga wakilan Afirka

Daga ranar 23 zuwa 25 ga Yunin 2025, masana da likitoci da jami'an gwamnatoci sun hallara a Dublin, babban birnin Ireland, domin taron duniya kan yaƙi da shan taba. Kafin nan, rabon da a yi irinsa tun 2018 a Afirka ta Kudu.

Baƙi kan sha kallo a Kwalejin Trinity da aka kafa a 1592, da tsofaffin titunan unguwar Temple Bar. Sai dai abin lura mafi girma yana cikin gidajen abinci da mashayun birnin, inda ba a busa sigari. A ranar 29 ga Maris 2004, Ireland ta zama ƙasa ta farko da ta haramta shan taba a dukkan rufaffun wuraren aiki. Masu mashayu sun yi ca, amma Micheál Martin, ministan lafiya na lokacin, ya ƙi ja da baya. Shi ne Firaminista a lokacin taron.

Taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na masu shanta suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Najeriya ma tana da dokar 2015 da ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, amma shisha na ƙara samun karɓuwa wurin matasa. Ya kamata wakilanmu su tambayi takwarorinsu na Ireland yadda suka sa doka ta yi aiki.