Teku ba kududdufi ba ne

An gama jarabawa, 'yan ajinmu har sun fara karo-karon zuwa bakin teku. Ni ma da ni za a je. Amma 'yan uwana 'yan Arewa da ke karatu a Legas, mu gaya wa juna gaskiya: iyon da muka koya a rafi ba ya aiki a Tekun Atlantika.

Bara na shiga ruwa iya ƙugu kawai, ina taƙama na iya. Sai na ji yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafata, ruwa na ja na ciki. Wallahi ba don wani masunci ba, da yanzu sai labari. Shi ya ce mini in ruwa ya ja ka, kar ka yi kokawa da shi, ka yi iyo ta gefe har ka fita daga jan.

Shi ya sa ni Tarkwa Bay na zaɓa. Duwatsun da aka jera a mashigar tashar jiragen ruwa suna rage ƙarfin igiya. Ga samari masu hawan igiya a kan allo, ga masunta da kifi ɗanye. Da kwalekwale ake zuwa, don haka a sa rigar ceto, ba abin kunya ba ne.

Wanda bai iya ruwa ba ya zauna kan yashi ya sha hoto. Iyayenmu digiri suke jira, ba mummunan labari ba.

Allah ya kai mu lafiya.