Ƙusa mai lamba a dajin Birnin Gwari

Masu haƙar zinariya a dazukan Birnin Gwari ba zinariya kaɗai suke tonowa ba. Lokaci-lokaci diga takan ci karo da tsohon ƙarfe, kuma idan aka ga lamba a jikinsa sai magana ta tashi: wai alama ce Turawa suka bari a kan dukiyar da suka binne. Wani ɗalibina ɗan yankin ya kawo mini irin wannan ƙusa, gajera, mai faɗin kai, da lambobi biyu da tsatsa ta kusa cinyewa. Ya ce samari sun kwana uku suna haƙa a inda aka same ta, ba su tashi da komai ba.

Ƙusa mai lamba tana da asali sananne. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, kamfanonin jirgin ƙasa a Turai da Amurka sun riƙa kafa ta a jikin katakon da ake shimfiɗawa ƙarƙashin layin dogo. Lambar shekara ce: 34 na nufin 1934. Da ita injiniya ke sanin shekarun da katako ya yi kafin ya ruɓe. Lissafin ma'aikata ne kawai, babu asiri a ciki.

Sai dai kada mu yi saurin yanke hukunci. Layin da ya isa Kano a 1911 ta Minna da Kaduna da Zariya ya bi, bai ratsa Birnin Gwari ba. Don haka ni na fi karkata ga wasu ma'abota lamba guda biyu. Akwai masu haƙar zinariya na zamanin mulkin mallaka, waɗanda kasuwarsu ta bunƙasa a shekarun 1930, kuma kowane fili da aka ba su sai safiyo ya auna ya kafa masa alamomi. Akwai kuma ma'aikatan gandun daji, domin a 1936 aka keɓe Kamuku a ƙarƙashin En'e, tun kafin ya zama gandun ƙasa a 1999. Idan ƙusar tasu ce, lambar tana iya zama ta iyaka ko ta bishiya, ba ta shekara ba.

Abin da zai raba gardama shi ne wurin da aka same ta: a jikin itace take, ko a siminti? Ita kaɗai ce, ko akwai 'yan'uwanta a jere? Da wannan bayani mai bincike zai iya zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna ya gwada da tsofaffin taswirori. Amma da zarar an zare ta an jefa a buhun 'yan gwangwan, waɗanda kilo suke saye, shaidar ta tafi, wataƙila har da iyakar da wata rana za a yi shari'a a kanta.

Wanda ya tsinci irinta ya ɗauki hotonta da waya tun tana wurinta, ya rubuta sunan ƙauyen da ya fi kusa. Idan an riga an cire ta, a jiƙa ta a kananzir a goge a hankali. Kada a kankare ta da dutse, domin lambar ce ke fara tafiya.