Fim Ɗin "Ƙasarmu Ce": Har Yanzu Ba A Ji Ta Bakin Mutanen Keffi Ba

A cikin 1991 ne Malam Saddik Balewa, ɗan marigayi Firayim Minista Alhaji Abubakar Tafawa Balewa, ya fito da fim ɗinsa na Hausa mai suna "Ƙasarmu Ce". Labarin ba mai wuyar fahimta ba ne. Wani attajiri ya gano akwai duwatsu masu daraja a ƙarƙashin gonakin wani ƙauye, sai ya shiga dabarar mallake ƙasar tun kafin masu ita su farga. Da aka sami mai tsaya masa, sai abin ya kai ga kisan kai. Ba a kashe wa fim ɗin kuɗi irin na Amurka ko Indiya ba, kuma ai kowa ya san yadda Naira ta faɗi tun daga 1986, har yin fim irin na majigi ya gagari yawancin masu sana'ar a ƙasar nan.

To, abin tambaya shi ne, su wa suka yanke wa fim ɗin hukunci? Galibin waɗanda suka gan shi suka yi rubutu a kansa, a wuraren bukukuwan fina-finai na ƙasashen waje da zaurukan jami'o'i suka gan shi, da Turanci kuma suka rubuta. Da yawansu ba su jin Hausa, fassarar da ke ƙasan allo suke bi. Ba a ce ba su da ilmi ba, kuma yabon da ya samu a wurinsu ya cancanta. Amma wanda bai taɓa gadon gona ba, bai taɓa zama gaban dagaci a kan rikicin iyaka ba, iyakar abin da zai auna shi ne kyan hoto da tsarin labari. Ba shi da ma'aunin da zai gane ko abin da aka nuna gaskiya ne ko ƙari.

A gida kuwa, sai aka yi shiru. Shekara ɗaya kafin fitowarsa, watau 1990, aka yi "Turmin Danya" a Kano, kasuwa ta koma ta kaset ɗin bidiyo, daga baya soyayya da rawa da waƙa suka cinye ta, gidajen sinima kuma suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ko "Shehu Umar" na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin mahaifin Saddik ɗin, mutum nawa ne cikin matasa suka taɓa ganinsa?

Alhali kuwa masu hukunci na ainihi suna nan a Jihar Nasarawa. An ƙirƙiro jihar daga Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, kirarinta ma na ma'adinai ne, kuma an daɗe ana tonon duwatsu masu daraja a kewayen Keffi. Daga baya sai ga litiyam, dutsen da ake yin batirin waya da na mota da shi. A watan Mayu na 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta wani kamfanin 'yan ƙasar Sin a Ƙaramar Hukumar Nasarawa. A watan Disamba na wannan shekara kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara ƙanana da ke aiki a ramukan haƙa na ƙauyen Pasali, maimakon zuwa makaranta. Manomin wannan yanki ba ya bukatar fassara. Shi ne zai iya cewa attajirin fim ɗin ya yi kama da wanda ya sani, ko kuwa na zahiri ya fi shi wayo. Watakila ma ya ce fim ɗin ya sauƙaƙa al'amarin, don kuwa a yau ba lalle sai an kashe kowa ba, takarda ta isa: dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Irin wannan suka ce fim ɗin bai taɓa samu ba, ita ce kuwa mai amfani.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi ƙwarai da gaske. Mutumin da ke neman abinci a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, ya bar gonar gado a hannun ƙanensa, shi ne wanda za a bugo wa waya a ce ga mai saye da farashi mai tsoka, a hanzarta. Kafin ya amsa, ya kamata ya tambayi abin da mai sayen ya gani a gonar wanda shi bai gani ba.

Hukumar Fina-finai ta Nijeriya tana Jos tun da daɗewa, da ɗakinta na adana tsofaffin fina-finai. Jami'ar Jihar Nasarawa kuma a cikin garin Keffi take. Bai fi ƙarfinsu ba su nemi izinin mai fim ɗin, su samo kwafi mai kyau, a kafa allo da dare a filin makaranta a Keffi da garin Nasarawa, a kira dagatai da manoma da masu haƙa, in an gama a ba su lasifika. Shugabannin Hausawa na Ikko da Badun su ma suna iya neman a kawo musu shi Sabo da Agege.