Kan Batun Injin Walda: A Rage Kuɗi Ko'ina, Ban Da Wajen Ido



Tun bayan zaman da muka yi na ƙarshen wata ake ta kiranmu a waya, wasu kuma su tare mu a bakin masallaci, duk a kan kuɗin asusun matasa. Shawara biyu ce a gabanmu. Ta farko, a zaɓi yara biyu a biya musu kuɗin wata makarantar koyon walda mai zaman kanta, su yi wata shida su fito da takarda. Ta biyu, a sayi ƙaramin injin walda ɗaya da kayan kariya, a ajiye a rumfar bayan ofis, duk ɗan ƙungiya mai sha'awa ya zo ya koya ranar Asabar da Lahadi. Mu a kwamiti muna goyon bayan ta biyu, kuma za mu faɗi dalilinmu a nan a fili, don kada a ce an ƙulla abu a ɗaki.

Mu fara da su wane ne ke neman koyon. Kowa ya tuna yadda gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, sannan a watan Satumba ta ƙara huɗu, har da Kosofe da muke zaune a cikinta. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba yara ba ne. Magidanta ne masu shekara talatin da ɗoriya, da iyali a gida suna jiran aike. Yau wani yana tura baro a kasuwar Mile 12, wani yana tura kurar ruwa, wani yana gadi. Irin wannan mutum ba zai bar neman abinci wata shida ya zauna a aji ba. Ba kuma zai iya tsarin da ake yi a nan ba, na ka biya maigida kuɗi, ka yi shekara biyu ko uku kana share shago ana aikenka sayen abinci, kafin a yi maka bikin yaye. Abin da yake da shi kwana ɗaya ne a mako, wani lokacin ma rabin yini.

Akwai kuma waɗanda ba sana'a suke nema ba sam. Cikinmu akwai direba, akwai mai shagon tireda, akwai wani dattijo mai sayar da albasa da ya ce shi dai yana so ya iya gyara ƙafar bencinsa da ƙyauren shagonsa da hannunsa. An yi dariya a wajen zaman, mu ba mu ga abin dariya ba. Mai kura ya lissafa sau nawa yake kai ta wurin mai walda a shekara, da yinin da yake asara yana jiran layi. A gida mun saba ƙira gado ce, sai ɗan maƙera. Walda ba gadon kowa ba ce.

To, nawa abin zai ci? A nan ne mutane ke tsorata, don idan aka ce injin walda sai su tuna da ƙaton akwatin nan da ake naɗa wa waya da hannu, mai ƙugi, wanda idan aka kunna shi fitilun layi duka sai sun dushe. Ba shi muke nufi ba. Yanzu akwai ƙananan injina da ake kira infata, mutum ya rataya a kafaɗa ya tafi, ba su cin wuta kamar na da, kuma sun fi sauƙin kamawa a hannun sabon shiga. Kuɗin ɗaya bai kai na wayar da wasu samarinmu ke riƙewa ba. Sai dai kada lambar da aka rubuta a jikinsu ta ruɗe mu. Za a ga an buga 300 ko 400 a kwali, yawanci cika baki ne, kuma mai koyo ba ya ma buƙatar haka. Sandar walda mai lamba 6013, siririyar da ake kira geji 12, tana narkewa lafiya tsakanin amp 60 zuwa 90. Mai kauri, geji 10, tana son kamar 90 zuwa 130. Da waɗannan biyun ake yawancin aikin ƙyaure da taga da teburi da muke gani a bakin titi.

Ƙarfen gwaji kuwa, mu ne ma muka fi kowa sa'a. Kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin tana nan kusa da mu a kan hanyar Ikorodu, kuma 'yan uwanmu masu jari-bola su ne ke kai mata kaya. Guntayen angul da rodi da falle mai ɗan kauri, waɗanda ba su da wani amfani sai a kilo, su ne littafin mai koyo. Wanda ya sayi sabon fayif don ya koyi walda ya yi ɓarna, musamman da yake siririn fayif ɓulewa yake yi nan take a hannun da bai saba ba.

Yadda koyon yake tafiya shi ne ya sa muka ce inji ɗaya zai ishi mutane da yawa. Ranar farko ba abin da mutum zai yi sai koyon tayar da wuta, ya ja bakin sandar a kan ƙarfe kamar mai ƙyasta ashana, ta manne, ya murɗa ya cire, ta sake mannewa. Bayan nan sai jan layi a kan falle, layi bayan layi, yana koyon riƙe tazara da saurin hannu, yana ƙwanƙwashe ɓawon ya duba abin da ya yi. Minti ashirin ya isa hannu ya fara rawa, injin ma yana son hutu don kada ya yi zafi. Sai na biye ya karɓa. Idan an kai ga haɗa ƙarfe biyu, jarrabawar ba ta takarda ba ce: a ɗaure a doka da guduma. In ƙarfen ya lanƙwashe haɗin bai saki ba, an fara iyawa. In ya ɓalle kamar ƙuli-ƙuli, a koma.

Inda kuɗi zai riƙa fita kullum shi ne wuta, ba za mu ɓoye ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san abin da janareto ke sha, kuma ƙaramin nan na kunna fanka da talabijin ba zai ɗauki walda ba, ƙonewa zai yi. Shawararmu a riƙa aiki lokacin da akwai wutar NEPA, a ja wa rumfar layinta da waya mai kauri daga mita, duk wanda ya zo ya ajiye ɗan abin da aka yanke na sanda da wuta. Jona waya ta bayan fage ba da sunan ƙungiya ba.

Yanzu ga abin da ya sa muka yi wannan dogon rubutu. A wajen zaman wani ya ce a bar sayen garkuwar fuska, baƙin tabarau na bakin titi ya wadatar, ai haka masu walda ke yi. Wallahi a nan ba za mu sassauta ba. Bara wani yaronmu ya je taya wani mai walda riƙe ƙarfe yini ɗaya, da tabarau na gayu. Ya dawo lafiya lau, ya ci abinci ya kwanta. Wajen ƙarfe biyu na dare ya tashi yana ihu, ido ya ƙi buɗuwa, hawaye na zuba, yana cewa an watsa masa yashi. Abokan ɗakinsa suka ɗiga masa ruwan albasa, wai magani. Da safe mu muka kai shi asibiti, likita ya yi mana faɗa kan albasar fiye da kan waldar. Allah ya taimaka ya warke bayan kwana biyu.

Abin da ke faruwa shi ne hasken walda yana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, yana ƙona fatar ƙwayar ido, kuma zafin ba ya tashi sai bayan awowi. Baƙin tabarau ba a yi shi don tare wannan ba. Gilashin walda na gaske yana da lamba, 10 ko 11 don irin aikinmu, kuma yana cikin garkuwa mai rufe fuska duka, don hasken yana ƙona fata ma. Masu tsayawa kallo su ma yana kama su, shi ya sa muka sa garkuwa huɗu a lissafi, da labulen kwano da zai tare rumfar daga yaran unguwa. Wanda ya ga dattawan masu walda da jajayen idanu suna ƙifce-ƙifce ya san abin da shekaru na tabarau ke bari.

Haka safar hannu ta fata da takalmi rufaffe. Ba silifas, ba rigar ƙwallo ta roba da za ta narke a jiki. Ba walda a jiƙaƙƙen ƙasa, mun san damunar Legas. Ƙarfen da aka shafa wa sinadarin hana tsatsa, mai ƙyalli kamar kwanon rufi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon jiki, kuma madarar gwangwani da ake sha ba ta hana komai, iska ce magani. Tankin mai da duro kuwa, ko an rantse an wanke, ba za su shigo rumfarmu ba. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa.

Masu ra'ayin makaranta suna da hujja, ba mu raina ta ba. Sun ce takarda ce ke kai mutum kamfani, kuma bidiyon waya ba ya koyar da sana'a. Gaskiya ne, bidiyo ba zai kama hannunka ya ce ka yi nisa da sandar ba. Don haka a cikin lissafinmu akwai ladan ƙwararren mai walda da zai riƙa zuwa kowace Asabar, mun ma yi magana da mutum biyu a nan unguwa, ɗaya namu ɗaya Bayarabe, duk sun nuna yarda. Batun takarda kuma, ƙofa ba a rufe take ba. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana yin jarrabawar sana'a mai mataki uku, kuma jihar Legas tana da kwalejojin fasaha, akwai a Ikorodu akwai a Agidingbi. Wanda ya yi wata uku a rumfa muka ga hannunsa ya faɗa kuma yana zuwa ba fashi, shi ne za mu tsaya wa ya wuce gaba. Biyan kuɗin mutum biyu tun ba a san ko za su jure zafin ba, shi ne muke tsoro. Mun taɓa yi da ɗinki, ɗaya ya bari a wata na biyu, kuɗin kuma bai dawo ba.

Sai gargaɗi ɗaya ga masu zumuɗi. Asabar goma ba ta mai da mutum gwani. Benci, murhu, ƙafar baro, teburin mai shayi, bismillah. Amma ƙarfen ɗora tankin ruwa, matakalar bene, babban get da zai iya faɗo wa yaro, ko wani abu a jikin mota, ba za mu yarda ɗan koyo ya karɓa da sunan ya koya a wurinmu ba.

Abin da ya rage ba mu daidaita ba shi ne wa zai riƙe makullin rumfar, da kuma ko za a bari a ari injin a fita da shi. Mu muna ganin kada ya fita ko da taku ɗaya, Ma'aji yana ganin hayarsa za ta iya biyan kuɗin sanda. Za a kaɗa ƙuri'a a kan duka biyun a zama mai zuwa bayan sallar La'asar. Mai gidan da muke haya ya ce sai ya ga labulen kwanon a tsaye kafin ya ba da izini, don haka duk mai tsohon kwano ko guntun angul ya fara kawowa ofis.

Wassalam.
Sakatare